Me ya sa jan haske mai ƙarfi ba ya fitar da elektiron daga jikin ƙarfe?

Baban_Humaira: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi, kuma sana'ata gyaran rediyo da talabijin. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, tana shirin jarrabawar WASSCE, kuma jiya da dare ta karanta mini wani abu a darasin fiziks da hankalina ya ƙi ɗauka. Ta ce idan aka haska jan haske a kan ƙarfen tutiya, ko da hasken ya kai ƙarfin fitilar babbar mota, elektiron, wato ƙaramar ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki, ko ɗaya ba zai fita ba, amma wani haske mai rauni da ido ma ba ya gani yana fitar da su nan take. Ni abin da na sani shi ne yayyafi idan ya daɗe yana rushe katangar ƙasa, duk da ƙanƙantar ɗigonsa. To me zai hana jan haske ya taru a hankali har ya yi aikin? Sannan ta ce wannan ne ya nuna haske ƙwayoyi ne, alhali ni na girma ina jin cewa haske da siginar rediyo dangi ɗaya ne, dukansu igiya ce mai kaɗawa. Masu ilimi a taimaka mana.

Malamin_Fiziks_Asawase: Wa alaikumus salam, Baban Humaira. Abin da hankalinka ya ƙi ɗauka shi ne ainihin abin da ya ɗaure wa masana kai kusan shekara ashirin. A 1887 Heinrich Hertz na ƙasar Jamus ya lura cewa tartsatsin wuta yana saurin tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu idan hasken altarabayolet ya sauka a kansu, wato hasken da ke gaba da shunayya wanda ido ba ya gani. A 1902 Philipp Lenard ya auna elektiron ɗin da ke fita, sai ya tarar cewa ƙara ƙarfin fitila yana ƙara yawansu ne kawai, ba ya ƙara saurin da kowannensu ke fita da shi. Idan da haske igiya ce zalla kamar yadda lissafin masanin fiziks Maxwell ya bayyana, ya kamata fitila mai ƙarfi ta wurgo su da ƙarfi, kuma fitila mai rauni ta ɗauki lokaci tana tarawa, daidai da misalinka na yayyafi. Ba a ga ko ɗaya daga cikin biyun ba.

A 1905 Albert Einstein, yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern, ya kawo shawarar cewa makamashin haske yana zuwa ne a ƙulle-ƙulle, kuma girman kowane ƙulli ya dogara ga yawan kaɗawar hasken, ba ga ƙarfin fitilar ba. Ƙulli ɗaya yana haɗuwa da elektiron ɗaya. Ga misalin da nake ba ɗalibaina. Ka ɗauka kuɗin tirotiro daga Kejetia zuwa wata unguwa sidi huɗu ne, kuma yaron mota ya ce kowa da hannunsa zai biya. Idan mutum dubu suka zo, kowanne da sidi biyu, motar za ta tashi babu kowa a ciki. Idan mutum uku suka zo kowanne da sidi biyar, duka ukun za su shiga, kuma kowa zai karɓi canjin sidi ɗaya. Kuɗin motar shi ne makamashin da ƙarfen ke buƙata kafin ya saki elektiron, canjin kuwa shi ne makamashin gudun da elektiron ya fita da shi.

Injiniya_Tek: Bari in sa alƙaluma a kan misalin Malam, domin sun yi kusa da kuɗin motar da ya ambata. Ana auna wannan makamashi da ma'aunin elektiron-bolt. Tutiya tana buƙatar kimanin 4.3. Foton, wato ƙullin haske guda ɗaya, na jan haske mai tsawon zango nanomita 650 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) yana ɗauke da kimanin 1.9, na shunayya mai nanomita 400 yana da kimanin 3.1, saboda haka babu wani launi da ido ke gani da zai iya biyan kuɗin tutiya. Fitilar kashe ƙwayoyin cuta mai nanomita 254 tana ba da kimanin 4.9, sai ya rage canjin 0.6. Amma ƙarfen sodiyam yana buƙatar kimanin 2.3 ne kacal, shi ya sa shuɗin haske ke isarsa. Baban Humaira, tunda kai mutumin rediyo ne, ka san gajeren zango yana nufin kaɗawa mai yawa. A nan ma haka ne: iya gajartar zango, iya girman ƙullin.

MaiWalda_Suame: Ban yi karatu mai zurfi ba, amma wannan magana ta warware mini wani abu da na daɗe ina gani a wurin aiki. Maƙeran da ke kusa da mu suna wuni gaban garwashi ja wur, zafi yana dukan fuskarsu, kuma idonsu lafiya lau. Ni kuwa a shekarata ta farko ta koyon walda na yi taurin kai, na riƙe wa maigidana ƙarfe ba tare da gilashin kariya ba, na abin da bai wuce minti goma ba. Ban ji komai ba sai tsakar dare, lokacin da na farka kamar an cika mini idanu da yashi, hawaye yana zuba, ko hasken ashana ba na iya kallo. Kwana biyu na yi a ɗaki. Ashe ba yawan zafin ba ne, irin hasken ne.

Malamin_Fiziks_Asawase: Haka yake, ɗan'uwa MaiWalda. Wutar walda tana fitar da altarabayolet mai yawa, kuma kowane foton nasa yana da makamashin da zai lalata sinadaran da ke fatar ido. Garwashi yana fitar da foton masu yawa ƙwarai, amma ƙanana ne, aikinsu ɗumamawa.

Hajiya_Sawaba: Malam, ina da ja a kan misalin tirotiro. A garin nan idan mutum biyu suka rasa cikon kuɗi, ai haɗawa suke yi ɗaya ya tafi. Me zai hana foton biyu su yi karo-karo su fitar da elektiron ɗaya? Idan babu abin da ya hana, to maganar Baban Humaira ta yayyafi tana nan daram.

Dalibin_Legon: Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci, kuma amsar ita ce karo-karon yana yiwuwa. Maria Goeppert-Mayer ta nuna ta hanyar lissafi a 1931 cewa ƙwayar zarra tana iya haɗiye foton biyu a lokaci ɗaya, amma ba a gani a gwaji ba sai a 1961, bayan an ƙera laser. Dalilin jinkirin shi ne dole foton biyun su iso ga elektiron ɗaya kusan a lokaci guda, domin elektiron a cikin ƙarfe ba ya ajiye abin da ya karɓa, yana zubar da shi ga maƙwabtansa a matsayin zafi cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, nesa ba kusa ba. Fitilar mota da hasken rana ba su da cunkoson da zai sa hakan ya faru yadda za a iya aunawa. Saboda haka abin da littafin Humaira ya faɗa daidai ne ga hasken yau da kullum, kuma shi za ta rubuta a jarrabawa.

Baban_Humaira: Na gode, Hajiya, da kika tsaya mini. Na fahimci katangar ƙasa tana riƙe ruwan da ta sha, shi kuwa elektiron ba ya riƙewa. Saura tambayata ta biyu, ta igiya da ƙwaya.

SolaNima: Kafin a je can, ina so in ce mu masu haɗa sola a Akara da wannan abin muke cin abinci tun zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, na 2015. Farantin sola shi ne gwajin Einstein a kan rufin gida.

Injiniya_Tek: Da ɗan gyara, Yaya SolaNima. Dangi ne, amma ba abu ɗaya ba ne. A gwajin tutiya elektiron yana barin ƙarfen gaba ɗaya ya fita waje. A farantin sola yana nan cikin silikon, sai dai foton ya ɗaga shi zuwa matakin da zai iya yawo, tsarin farantin kuma ya tura shi gefe ɗaya ya bi waya. Edmond Becquerel ya ga irin wannan tasiri a Faransa tun 1839, kuma a 1954 aka ƙera farantin silikon na farko mai amfani a ɗakunan binciken Bell a Amurka, yana mayar da kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken zuwa lantarki. Inda maganarka ta yi daidai shi ne akwai kuɗin mota a nan ma, kimanin elektiron-bolt 1.1. Foton da bai kai haka ba yana wucewa a banza, wanda ya zarce kuma canjinsa yana zama zafi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Shockley da Queisser suka lissafa a 1961 cewa faranti mai hawa ɗaya ba zai mayar da fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken zuwa lantarki ba.

SolaNima: Na karɓi gyara. Kuma hakan ya yi daidai da abin da muke gani a mita: idan hadari ya rufe rana, amfiya ce ke faɗuwa sosai, boltej ɗin faranti kuwa kaɗan yake raguwa.

Ma'aikaciyar_Eksire: Ina aiki a sashen ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Kumasi, kuma ina so in kawo gwaji na biyu, domin shi ne ya sa masana da yawa suka sallama. Ya kamata a sani cewa shawarar Einstein ba ta samu karɓuwa da wuri ba. Robert Millikan ya shafe shekaru a Chicago yana gwada lissafin yana zaton zai ƙaryata shi, amma sakamakon da ya wallafa a 1916 ya gaskata lissafin, duk da haka bai yarda da batun ƙwayar haske ba a lokacin. Ko kyautar Nobel ta 1921 da aka ba Einstein, an ambaci dokar da ya gano ne, ba batun ƙwayar haske ba.

A 1923 Arthur Compton ya wallafa sakamakon harba hasken eksire mai tsawon zango kimanin nanomita 0.071 a kan girafait, irin baƙin da ke cikin fensir. Hasken da ya warwatsu gefe ya fito da zango mafi tsawo, kuma ƙarin ya dogara ga kusurwar da aka auna: a digiri 90 ƙarin ya kai kimanin nanomita 0.0024. Igiya idan ta girgiza elektiron, ya kamata ya sake fitar da ita da irin kaɗawar da ta zo da ita. Compton ya yi lissafin kamar ƙwallo biyu ne suka yi karo, ɗaya ya ba ɗaya wani kaso na makamashinsa da ƙarfin tafiyarsa, sai lissafi da awo suka dace. Ya samu Nobel a 1927. Sunan foton kansa Gilbert Lewis ne ya kawo shi a 1926.

A wurin aikinmu abubuwan biyu suna faruwa a hoto ɗaya. Ƙashi yana fitowa fari saboda kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana haɗiye foton gaba ɗaya ta hanyar da Malam ya bayyana, kuma wannan haɗiya tana ƙaruwa sosai idan ƙwayar zarra ta yi nauyi, shi ya sa rigar kariyarmu ta dalma ce. Foton ɗin da suka yi karon Compton a cikin tsoka kuwa suna fita ta kowane gefe, suna dusashe hoton, kuma su ne dalilin da ya sa nake komawa bayan bango kafin in danna maɓalli. Tsofaffi sukan tambaye ni, 'yata, ke da ba a nuna miki na'urar ba me kike gudu? Abin da nake gudu yana fitowa ne daga jikin majinyacin da kansa.

Alhaji_Fadama: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma a riƙa tunawa da namu. Ibnul Haisam ya rubuta littafinsa kan gani da haske a Alƙahira shekaru kusan dubu da suka wuce, kuma shi ya kafa hujjar cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Sannan ina da tambaya: wannan warwatsuwar ta Compton ita ce ke sa sama ta yi shuɗi, ta kuma yi fari fat lokacin hunturu?

Dalibin_Legon: Gaskiya ne game da Ibnul Haisam, Baba Alhaji, kodayake batun foton ya zo ne ƙarnoni da yawa bayansa. Shuɗin sama kuwa ba na Compton ba ne. Wannan ita ce warwatsuwar da Lord Rayleigh ya bayyana a 1871, inda ƙwayoyin iska ke karkatar da haske ba tare da sun canza launinsa ba, kuma suna karkatar da shuɗi kusan ninki shida fiye da ja. Ƙurar hunturu da ke zuwa mana daga Sahara ta fi ƙwayoyin iska girma nesa, girmanta ya kai tsawon zangon hasken ko ya fi, saboda haka tana warwatsa dukan launuka kusan daidai, sai sama ta koma fari-fari. Abin lura shi ne duka waɗannan biyun ana bayyana su da lissafin igiya ba tare da an ambaci foton ba.

Wannan ya kawo ni ga tambayar Baban Humaira ta biyu, kuma a nan zan saɓa wa Malam kaɗan, da girmamawa. Littattafan sakandare suna cewa fitar elektiron daga ƙarfe hujja ce yankakkiya cewa haske ƙwaya ne. Amma a 1969 Willis Lamb da Marlan Scully sun nuna cewa idan aka ɗauki haske a matsayin igiya, aka kuma bi da elektiron ɗin cikin ƙarfen bisa dokokin kwantum, wato dokokin fiziks na ƙananan abubuwa irin su elektiron, ana samun iyakar launin da fitar nan take duka. Hujjar da ta fi ƙarfi ta zo daga baya. A 1986 Grangier da Roger da Aspect a Faransa sun aika foton ɗaya-ɗaya zuwa madubin da ke raba haske biyu, suka sa na'urar ganowa a kowane ɓangare, sai suka tarar na'urorin biyu kusan ba sa amsawa tare. Da igiya ce ta rabu biyu, da ta taɓa duka. Amma da suka sake haɗa hanyoyin biyu, sai alamar igiya ta bayyana, irin zanen haske da duhu da Thomas Young ya nuna da ramuka biyu a farkon ƙarni na 19.

Malamin_Fiziks_Asawase: Ban musa ba, ƙanena, kuma na ji daɗin ganin ɗaliban jami'a suna karanta abin da ya wuce manhaja. Sai dai a lura cewa ko a bayanin Lamb da Scully, makamashin da ke shiga elektiron yana shiga ne a ƙulle, gwargwadon lambar da Max Planck ya gabatar a 1900. An matsar da ƙullin ne daga haske zuwa ƙarfe, ba a kore shi ba. Kuma a tarihi Einstein ya yi hasashen lissafin kafin a auna shi da kyau, abin da ba a yi da tsohon ra'ayin igiya ba. Ina kuma roƙon kada a rikita yarinya ana saura watanni jarrabawa.

Hajiya_Sawaba: To yanzu ni kun sake mayar da ni baya. Idan foton ɗaya bai rabu ba, ta wace hanya ya bi a cikin biyun? Idan kuma ta ɗaya ya bi, ta yaya ya san da ɗayar har ya yi zanen igiya?

Injiniya_Tek: Hajiya, lissafin yana ba da yiwuwar inda za a same shi, kuma yana dacewa da awo ƙwarai, amma masana ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba game da abin da ke faruwa tsakanin fitowarsa da isarsa. Abin da aka tabbatar shi ne duk lokacin da aka sa na'urar da za ta nuna hanyar da ya bi, zanen yana ɓacewa. Ni dai ina guje wa kalmar ƙwaya idan tana sa mutum ya hango tsabar gero tana tafiya a iska, domin tsabar gero ba ta yin zanen Young. Elektiron ma, wanda kowa ke kira ƙwaya, Davisson da Germer sun ga yana nuna halin igiya a 1927, kamar yadda Louis de Broglie ya yi hasashe a 1924.

Dalibin_Legon: A nan na yarda da Injiniya fiye da Malam, amma zan bar maganar haka.

Baban_Humaira: Na karanta wa Humaira duka, kuma misalin canjin mota ya zauna mata. Ni kuwa tambayar Hajiya ce ta tsaya mini, domin idan siginar rediyo ma foton ce, ban ga yadda eriya ɗaya a Akara za ta watsa ƙwayoyin da za su ishi kowane akwati a ƙasar nan ba tare da wani ya rasa ba. Malam, shin ana iya yin gwajin tutiyar a shagona?

Malamin_Fiziks_Asawase: Game da rediyo, foton ɗin tashar FM ya fi na hasken da ido ke gani ƙanƙanta sau miliyoyi, saboda haka yawansu a kowace daƙiƙa ya wuce misali, kuma a irin wannan cunkoso lissafin igiya da ka saba da shi ya wadatar. Gwajin kuwa yana yiwuwa, amma ka koyi darasi daga kuskurena. Na taɓa shirya shi a gaban aji a watan Yuni, na sa wa farantin tutiya caji, sai ganyen na'urar auna caji ya faɗi da kansa kafin in kunna fitila, saboda laimar damina ta kwashe cajin, yara kuma suka yi ta dariya. Ka jira hunturu, a Disamba ko Janairu. Ka goge tutiyar da sanfefa har ta yi ƙyalli dab da lokacin gwajin, ka ba ta cajin nagetif ta hanyar goga bututun roba da busasshen ƙyalle, sannan ka fara haska ta da jar fitila mafi ƙarfi da kake da ita. Bayan haka ka kunna fitilar altarabayolet ta kashe ƙwayoyin cuta, ka kuma gwada sa gilashin taga tsakaninta da farantin, domin gilashi yana tare wannan zangon. Kada kowa ya kalli fitilar ko ya bar ta a kan fatarsa.

MaiWalda_Suame: Zan aro muku gilashin kariya guda biyu idan lokacin ya yi. Amma ina neman a bayyana mini dalilin da ya sa cajin dole ya zama nagetif, domin na ɗauka haske bai san bambanci ba.